Gorar Gayyata da Ruwan Rijiyar Budimir

Duk ƙauyen Brezova an san Budimir da abu biyu: gyaran gashin baki da taurin kai. Ranar Asabar ɗin nan kuwa ya haɗa su duka. Tun da safe ya tsaya gaban madubi yana murza gashin bakin, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, sannan ya ɗauko bukliya daga kan tebur da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri.

Bukliya gorar katako ce ta gayyatar biki, an yi mata ado da ɗanyen ganye da jan zare. Ba a gayyatar mutumin kirki da baki kawai, balle ta waya. Sai uban amarya ya taka har ƙofarka da ita, ka kurɓa, ka cika masa ita daga taka barasar, ka ɗaura mata tawul ko safa. In ka kurɓa, ka amsa ke nan. In ka mayar da ita ba ka kai baki ba, magana ta ƙare. Budimir ya zaga da ita gida gida saboda bikin 'yarsa Danitsa, kowa ya kurɓa. Gida ɗaya ya rage, can bayan dutsen Zlatibor, gidan yayansa Obrad.

Rabon da su yi magana tun shekarar da Budimir ya sare itatuwan fulam na mahaifinsu, waɗanda ake barasa da 'ya'yansu, ya dasa malina, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace na sayarwa, a gurbinsu. Obrad ya zo ya ga kututture a jere, ya juya bai ko shiga gida ya sha ruwa ba. Daga nan ko a wurin jana'iza suka haɗu, wannan ya tsaya gabas, wancan ya tsaya yamma. Ita kuwa Danitsa a kafaɗar baffanta ta girma, kuma ta gaji taurin kan gidan.

"Baba," ta ce masa, "in Baffa Obrad bai zo ba, ku ci naman ku yi rawarku, ni dai ba zan shiga cocin nan ba."

Budimir ya san ba wasa take ba. Shi ya sa ya ɗauki diga ya fasa daskararriyar ƙasar bayan rumbu, ya tono kwalbar da tsohonsu ya binne shekarar da aka haifi yarinyar. Barasar fulam ce daga itatuwan nan da aka sare, tsohon da kansa ya dafa ta sau biyu, ya liƙe bakinta da kakin zuma, ya ce ta bikin jikarsa ce. Ba sauran irinta a duniya. Budimir ya juye ta cikin bukliya ba tare da ɗigo ya zube ba. Lissafinsa shi ne, Obrad zai iya juya masa baya, amma ba zai iya juya wa hannun ubansu baya ba.

Matarsa Stamena ta fito da ɗankwalin ulu a kai, da fulas ɗin shayi a hammata. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa. Kafin ƙafarta ta fara ciwo, ita ce ke tuƙa motar tattara madara a ƙauyukan dutsen nan, rani da sanyi, ba ta taɓa kifar da ko garwa ɗaya ba.

"Kawo makullin," ta ce.

"Yau ni zan tuƙa."

"Kai da ka shiga rami da rana tsaka a kan hanyar garin da aka haife ka?"

"Ke dai shiga. Ba zan isa ƙofar Yaya mace na tuƙa ni kamar buhun dankali ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta zaga ta shiga gefen mai zaman banza. Motar sai sheƙi take, don jiya da rana ta ɗan leƙo ya wanke ta tas, kada Obrad ya ce sun zo masa da datti.

"Ka duba ruwan gilashi?" ta tambaya.

"Na cika shi har wuya."

Gaskiya ya faɗa, kuma da ta san irin gaskiyar da ba su bar ƙofar gida ba.

Har suka wuce garin Uzhitse lafiya lau. Da hanya ta fara hawa, sai duniya ta yi fari fat, titi kuwa ya zama taɓo, don masu gyaran hanya sun watsa gishiri tun da asuba. Wata gingimari mai ɗauke da gungume ta sha gabansu, tayoyinta suna watso musu ruwan laka. Kafin ka ce me, iska ta busar da shi a kan gilashi ya zama farin ɓawo. Budimir ya ja sandar feshi. Waifa ta tashi, ta goga, ruwa kuwa ko ɗigo. Ya sake ja. Waifar ta ƙara shafe gilashin da gishiri kamar ana yi wa bango farar ƙasa.

"Rage gudu," in ji Stamena.

"Ina gani."

"Me kake gani? Ni ko hancin motar ba na gani. Budimir, dama! Koma dama!"

Ƙarar hon ta cika musu kunne, wata babbar mota ta wuce ta gefensu har tasu ta girgiza. Budimir ya murɗa sitiyari, suka nutse cikin tudun dusar ƙanƙara a bakin hanya, inji na ta kuka. Abu na farko da ya laluba ba matarsa ba ne, bukliya ce. Da ya ji tana nan lafiya a tsakanin cinyoyinsa, sai kunya ta kama shi.

Stamena ta buɗe ƙofa. Ta fita, ta zaga gaban motar, ta sunkuya ta kara kunne a jikin bonet.

"Kashe rediyon nan. To, ja."

Ya ja. Wani ɗan gurnani ya taso daga ciki.

"Famfo na da rai, fiyus bai ƙone ba. Buɗe mini."

Ta ɗaga bonet, ta cire murfin robar ruwan, ta leƙa. Zafin inji ya ɗan narkar da abin da ke ciki, gutsattsarin ƙanƙara na yawo a kai. Ta tsoma yatsa ta shinshina, ta ɗora a harshe. Sannan ta ɗago a hankali.

"Maigida, ina shuɗin ruwan nan na sanyi da na ajiye a bayan ƙofa?"

"Yana nan inda kika ajiye."

"To wannan fa?"

"Na rijiya ne."

"Na rijiya."

"Ke, ruwan rijiyarmu ne fa! Tun zamanin kakana bai taɓa daskarewa ba. Shekarar da kogi ya daskare har shanu suka taka, duk ƙauye a wurinmu suka ɗiba."

Ai kuwa haka ne, kuma babu ɗan Brezova da ba zai rantse a kai ba. Ana alfahari da rijiyar gidan su Budimir kamar yadda ake alfahari da ɗa soja. Abin da bai taɓa zuwa ran mutumin ba shi ne, ruwan ba shi da wata baiwa, zurfin ramin ne ke rufa masa asiri.

"Da ka ɗauko rijiyar gaba ɗaya ka sa a bonet," in ji Stamena. "Miƙo mini fulas."

Nan take ya gane dabarar, ko dai ya zaci ya gane. Ya buɗe fulas ɗin zai watsa shayin a gilashi, ta cafke hannunsa.

"Kai! So kake ya tsage mu isa gidan Yaya da iska a haƙora? Zafi a kan sanyin nan ai fasa shi zai yi."

Ta kwance ɗankwalinta, ta jiƙa gefensa da shayin, ta naɗe 'yan bututun feshin nan biyu da ke kan bonet, ta dafe su da tafin hannu. Da suka ɗan saki, ta zare allurar da ke maƙale a ƙirjin rigarta, ta riƙa sakace ƙofofinsu a hankali, ba ta tura da ƙarfi don kada ta buɗa su su lalace. Sai ta bi siririyar tiyon da ta taso daga robar tana matsawa da yatsu, har ta kai inda ta ji ta yi tauri kamar ƙashi. Ta zare ta daga mahaɗarta, ta cusa a hammata, ta tsaya haka nan iska na kaɗa furfurarta. Can ta fiddo ta, ta sa baki ta hura, wani siririn sandan ƙanƙara ya fito ya faɗi a ƙasa, sannan ta mayar da tiyon mahaɗarta.

Budimir na tsaye yana riƙe da murfin fulas, ba abin da ya tsinana. Ya daɗe da auren matar nan, amma a gida ya san ta, gaban murhu da cikin gonar malina. Bai taɓa bin ta aikin madara ba ko sau ɗaya. Yanzu da ya ga yadda yatsunta ke bin motar kamar ungozoma na lalube ciki, sai ya ji wani girma nata ya cika masa ƙirji, har ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Ja," ta ce.

Ruwa ya feso, siriri biyu, cas a tsakiyar gilashi. Budimir ya buga tsalle kamar yaro.

"Wallahi ke ce mota! Ke ce injiniya!"

"Ajiye kirarin. Matsa can, ni zan tuƙa."

Wannan karon bai yi musu ba. Ta kunna hita har ƙarshe ta juya iskar kan gilashi, ta fiddo motar daga dusar da baya ba tare da taya ta yi ko santsi ba. Amma murnar ba ta je ko'ina ba. Da suka ƙara hawa, wata tirela ta sake yi musu wanka da laka, ta ja sandar, ruwan ya feso, kafin waifa ta dawo ya daskare a jikin gilashin ya zama faranti guda. Gara ma gishirin. Ta sauke gilashin gefe, ta leƙa da kai, ta lallaɓa ta tsaya.

"Na yi zaton hita za ta riƙe shi," ta ce. "Sanyin saman nan ya fi ƙarfinta."

"Gidan mai fa?"

"Sai mun gangara wancan gefen. Na baya kuma mun baro shi da nisa, kuma makantar ɗaya ce, ko gaba ko baya."

Ta nuna masa yamma da haɓa. Gajimare ya haɗo baƙi ƙirin a kan tsaunin. In wannan ya sauka, za a rufe hanyar, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa. Biki kuwa Lahadin mako mai zuwa ne.

Sai ta kama wata dabarar. Ta kankare gilashin da murfin fulas, ta ɗebo dusa ta goge, ta bi da busasshen gefen ɗankwali. Su yi 'yar tafiya, wata mota ta watso musu laka, ta tsaya, ta fita, ta sake. Budimir ya fita ya taya ta, ta kore shi, wai goge-gogensa ƙara dagula abin yake, kuma kwat ɗin coci ba ta aikin laka ba ce. Safar hannunta ta jiƙe ta daskare, ta cire ta jefa baya. Haka suka yi ta yi, tsayawa ta fi tafiya yawa, gajimaren na ƙara matsowa.

Babu yaron da bai sani ba a ƙasar nan cewa barasa mai ƙarfi ba ta daskarewa. Direbobin gungume sun sha zuba ta a robar gilashi in sanyi ya ritsa da su. Budimir ya sani, ya kuma san Stamena ta fi shi sani. Tun tsayawar farko yake jiran ta ce masa kawo, har ya shirya amsar da zai ba ta, mai zafi. Amma ko sau ɗaya ba ta kalli bukliyar ba. In za ta ɗauki wani abu a gefensa, sai ta kau da ido, kamar gorar ba ta cikin motar. Ita ce ta riƙe masa fitila ranar da ya tono kwalbar, ta san darajarta a wurinsa.

A wata tsayawar ta dawo ta kama sitiyari, sai ya ga ja a jikin ɗankwalin. Fatar yatsunta ta tsattsage, gishiri na shiga, tana ta matse su a cinya.

"Stamena."

"Saura kaɗan mu kai saman."

"Buɗe bonet."

Ta juyo ta dube shi.

"Na ce ki buɗe bonet ɗin."

"In ka zuba ta, me za ka miƙa wa Yaya?"

"Oho. In na isa da ita ke kuma babu yatsu, me zan miƙa wa Danitsa?"

Ta goge yatsunta a ɗankwalin. Sannan ta ce, da muryarta ta aiki, "To kada ka yi gaggawa. Bari in fitar da ruwan rijiyarka tukuna, kada ya tsinka ta a banza."

Ta riƙe sandar har robar ta ƙafe, ta sake ɗumama 'yan bututun da ragowar shayi. Budimir ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye, ya ɗiga kaɗan a kan dusa saboda mamaci kamar yadda ake yi, sannan ya kafa bakin gorar a robar.

"Rage ko kurɓi ɗaya," ta ce.

"Hanya da saura. Kurɓi ɗayan nan zai iya zama shi ne kwanar ƙarshe."

Ya juye ta tas.

Feshin farko ya narkar da ƙanƙarar kamar an sa wuƙa a man shanu. Waifa ta share, sai ga duniya ta dawo: titi, itatuwa, bakin kwazazzabon da ashe suke ta bi ta gefensa. Hita kuma ta jawo ƙanshin ta cika motar da shi. Ƙanshin tsakar gidansu ne na lokacin kaka, sa'ad da tukunyar tagulla ke kan wuta, tsoho na zaune a kan kututture yana zagin duk wanda ya ƙara itace ba da izininsa ba. Budimir ya juya fuska ga taga, hawaye na bin gashin bakin da ya sha gyara.

"In 'yan sanda suka tare mu," in ji Stamena, "ka ce musu motar ce ta sha, ba mu ba."

Ya yi dariya cikin kuka. Ita kuwa ta riƙa feshin da tsumulmula, ɗan taɓi kaɗan sai in dole, kamar mai raba magani. Dusa ta fara sauka suna gangarowa.

Da la'asar suka tsaya a ƙofar gidan Obrad. Yana tsakar gida yana faskare. Ya tsufa fiye da yadda Budimir ya zata, ya rame, ya koma kamannin ubansu sak. Ya kafa gatarin a kututture, ya tsaya yana kallonsu bai ce maraba ba.

Budimir ya taka da hula a hannu. Duk jawabin da ya haddace a hanya ya gudu.

"Yaya," ya ce, "Danitsa za ta yi aure."

Ya miƙa bukliyar. Obrad ya karɓa, don ba a barin hannun mai gayyata a miƙe. Yana karɓa ya ji ba nauyi. Ya girgiza ta, fuskarsa ta ɗaure.

"Bayan duk shekarun nan, ka haura dutse don ka yi mini ba'a da gora fanko?"

"Yaya Obrad," in ji Stamena daga baya, "ni na zubar. Laifina ne."

"Ƙarya take," Budimir ya ce da ƙarfi. "Ni na zuba da hannuna. Ni na cika motar da ruwan rijiya ya daskare, muka makance a kan dutse. Dubi hannunta."

Obrad ya dubi hannun, ya daɗe yana dubawa. "Ruwan rijiyarmu?" ya ce.

"Shi."

"Ya daskare?"

"Kamar dutse."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Obrad, ya danne shi. Ya cire toshiyar gorar ya kai hanci don ya ji ko wace irin barasar banza ƙanensa ya kawo masa. Sai ya tsaya cak. Ya sake shaƙa, a hankali wannan karon, idonsa a rufe.

"Ta bayan rumbu ce," ya ce.

"Ita ce."

"Duka ka zuba?"

"Duka."

Obrad ya ratsa su ya fita ƙofa, ya tsaya gaban motar, dusa na sauka a kansa. Ya dubi Stamena.

"Ƙanwata, da saura a ciki?"

"Ba zai wuce feshi ɗaya ba."

"Shiga ki ja."

Ta shiga. Ya haɗa tafukansa biyu a gaban ɗan bututun, ta taɓa sandar. Famfon ya yi gurnani, ya tofo abin da ya rage, ɗan kaɗan da bai cika cokali ba. Obrad ya karkata hannu ya ɗiga wa ƙasa rabonta, ya kai sauran bakinsa. Ya tsaya haka, tafukansa a kan fuska, kafaɗunsa na rawa. Budimir bai san lokacin da ya isa gare shi ba, sai dai ya ji hannun yayansa a ƙeyarsa, mai warin fulam da gishirin hanya.

"Wawa," in ji Obrad a kunnensa. "Tun kana yaro kai wawa ne."

Ya shiga ciki da gorar, ya fito da ita cike da tasa barasar, da sabon farin tawul a ɗaure a wuyanta. A ɗaya hannun kuma kwanon man shafawa ne. Bai miƙa wa ƙanensa bukliyar ba sai da ya kama hannuwan Stamena ya shafe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ku shigo, yau ba mai haura dutsen nan," ya ce. "Ranar bikin kuma ke za ki zo ki ɗauke ni. Shi ya zauna gida ya yi gadin rijiyarsa."